Suga ya fito lafiya amma jariri na ta girma: yadda na bi gwajin kitsen jini har zuwa ɗakin haihuwa

Duk macen da ta taɓa haihuwar jariri mai kilo 4 ko fiye, ko aka gaya mata a wurin awo cewa cikinta ya wuce watanninsa, maganar suga za ta fara ji. Hakan daidai ne, domin ciwon suga na masu juna biyu shi ne sanannen abin da ke sa jariri ya yi ƙiba a ciki. Sai dai akwai mata irina da gwajin suga yake fitowa lafiya ƙalau, jariri kuma bai fasa girma ba, a rasa abin da za a ce musu. Aikin jinya nake yi, amma a wannan cikin ni ce a kan benci riƙe da kati, kuma na ga inda mace take rikicewa a kowane mataki. Shi ya sa na rubuta yadda abin ya tafi daki-daki, daga buɗe kati har gwajin bayan arba'in.

Na buɗe kati a mako na 11 a wani babban asibitin gwamnati. Ranar farko ita ce mafi tsawo: a yanki kati, a biya kuɗi a wani wurin, a dawo a jira kira, don haka a fita tun bayan asuba, a riƙo ruwa da ɗan abin ci. Abin da ya fi kuɗi muhimmanci a wannan rana shi ne tarihin haihuwar baya. Ni na zo da katin haihuwata ta baya, wanda aka rubuta kilo 4.4 a kai, da bayanin cewa kafaɗar yaro ta maƙale bayan kai ya fito. Wannan layi ɗaya shi ya sa ungozoma ta ja jan biro a katina, ta ce mini, “Maman Abba, ke layin likita za ki riƙa bi, ba namu ba.” Wadda katinta ya ɓata ta faɗa da bakinta, ko da ba a tambaye ta ba: nauyin jaririn, ko an sha wuya wajen fitar kafaɗa, ko an yi ƙari mai yawa, ko jini ya zuba bayan haihuwa, ko akwai mai ciwon suga a iyaye da 'yan'uwa. Aka auna nauyina kilo 84, tsayi mita 1.62. Idan aka raba nauyi da tsayi sau tsayi, ma'aunin ƙiba ya kama 32, wato na shiga sahun masu ƙiba tunda na haura 30. Mace a wannan sahun ana so ta ƙara kilo 5 zuwa 9 ne kawai a dukan cikin. Wadda ma'auninta ke tsakanin 25 da 29.9, kilo 7 zuwa 11.5, mai matsakaicin jiki kuma 11.5 zuwa 16. A nemi a ji wannan adadin tun ranar farko, domin idan aka bari sai wata na bakwai, yawancin nauyin ya riga ya hau. Sauran gwaje-gwajen ranar su ne na kowa: yawan jini, rukunin jini, jinotaif, fitsari, ciwon hanta, cuta mai karya garkuwar jiki, sai kuma sugan safe kafin karyawa saboda tarihina. Aka ba ni maganin ƙarin jini da folik asid, daga baya aka fara maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da allurar rigakafin tetanus.

Daga mako na 24 ungozoma takan auna ciki da tef, daga ƙashin mara zuwa saman mahaifa. Ƙa'idar mai sauƙi ce: yawan santimita ya yi daidai da yawan makonni, da rangwamen biyu sama ko ƙasa. Nawa a mako na 26 ya nuna 30. Wannan ba ya nufin lallai jariri ne babba, yana iya zama tagwaye, ko ruwa ya yi yawa, ko ƙari a mahaifa, ko lissafin wata ne ya kuskure, ko kuma kitsen cikin uwar ne ya ƙara tsawon. Nan ne hoton ciki na farkon watanni yake da amfani, domin shi ne ya fi tabbatar da makonnin ciki, kuma da shi za a riƙa gwada duk abin da ya biyo baya. Likita ya rubuta mini hoto da gwajin shan suga.

Gwajin shan suga ana yin sa tsakanin mako na 24 da na 28, kuma yawan ɓacinsa daga shiri ne. Kwana uku kafin ranar a ci abinci yadda aka saba, kada a ƙaurace wa tuwo da shinkafa don sakamako ya yi kyau, yin haka ma yana iya sa ya fito da muni. A daren jajibiri a daina ci, a kwana aƙalla awa 8 ba abinci, amma ana shan ruwa zalla. Ba irin azumin watan Ramadan ba ne. Da safe za a ɗebi jini daga jijiyar hannu, sannan a ba ki giram 75 na gulukos a cikin ruwa kamar kofi ɗaya babba, ki shanye cikin minti 5. A wasu wurare ke za ki sayo garin. Idan na gwangwani ne da ake sayarwa a kemis, mai ɗauke da ruwa a ƙwayarsa, giram 82.5 ake aunawa kafin ya yi daidai da 75, don haka a bar mai gwaji ya auna a kan sikeli, kada a ƙiyasta da cokali. Daga nan sai zama wuri ɗaya, ba yawo, ba ci, a sake ɗibar jini bayan awa ɗaya, a sake bayan awa biyu. Wadda ta yi amai gwajin ya lalace, sai wata ranar. Zaƙin yana tayar da zuciya ƙwarai, ni ruwa mai sanyi da kurɓa a hankali ne suka taimake ni. Wani abin lura da ba kowa ya sani ba: idan jinin ya daɗe a ajiye a kwalbar da ba ta da sinadarin tsare suga, ƙwayoyin jini suna ci gaba da cinye sugan, musamman da zafin garinmu, sai sakamako ya fito ƙasa da gaskiya. Kwalba mai murfi ruwan toka ita ce ta wannan aikin. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2013 shi ne, a ma'aunin mmol/L, 5.1 kafin sha, 10.0 bayan awa ɗaya, 8.5 bayan awa biyu. Ko ɗaya daga cikinsu aka kai, an shiga ciwon suga na ciki. Nawa ya nuna 4.7, da 8.6, da 7.4. Naira dubu shida na biya a lokacin, amma farashi ba ya tsayawa wuri ɗaya, a tambaya tun kafin a kwana da yunwa.

Na yi farin ciki da wannan sakamako, mutanen gida ma suka ɗauka magana ta ƙare. Hoton ciki ne ya dawo da ita. Mai hoto yana auna abu uku: kan jariri, zagayen cikinsa, da ƙashin cinya, na'ura ta haɗa su ta ƙiyasta nauyi. A nawa kai da cinya sun yi daidai da makonni, zagayen ciki ne ya wuce da kusan mako uku. Wannan siffar ita ce ta jaririn da abinci ya yi masa yawa a mahaifa, domin hanta da kitsen ciki su ne suke fara kumbura, ba ƙashi ba. Jaririn da ya gaji girman iyaye kuwa ko'ina nasa yake tafiya tare. Da na koma da takardar, likita ya duba, ya ce tunda suga bai nuna komai ba, ga ƙiba, ga tarihi, bari a duba kitsen jini da kuma aikin ƙwayar maƙogwaro, wato tayrod, saboda raunin aikinta yana ɗaga kitsen jini.

Gwajin kitsen jini ba ya cikin gwaje-gwajen awo na yau da kullum, likita ne yake rubuta shi idan ya ga dalili. A ranar da na je ɗakin gwajin asibitin ba su da kayan aikinsa, sai na tafi na kuɗi a waje, na biya naira dubu tara. Mai inshorar lafiya ta fara tambaya a ofishinsu ko yana cikin abin da aka ɗauke mata, kafin ta biya daga aljihu. Shi ma da safe ake yi, bayan awa 10 zuwa 12 ba ci, kuma cin abu mai maiƙo da tsakar dare yana ɗaga lambar da ake nema. Takardar tana fitowa da layi huɗu: jimillar kolestarol, mai kyau, marar kyau, sai tiraigilisaraid, wani nau'in kitse da ke yawo a cikin jini. Na ƙarshen nan shi ne abin dubawa a maganar girman jariri. Nawa ya nuna 3.4, an buga masa alamar ya yi yawa, a gefe kuma an rubuta cewa bai kamata ya kai 1.7 ba. Wasu ɗakunan gwajin da ma'aunin mg/dL suke rubutawa a maimakon mmol/L, inda 1.7 yake zama 150, nawa kuma ya kama kusan 300. A duba ma'aunin kafin a kwatanta da na wata.

Nan ne na fi so mata su natsu, domin na ga waɗanda suka karɓi wannan takarda suka kwana suna kuka. Iyakar da aka buga a gefen takardar ta wanda ba ya da ciki ce. A jikin kowace mai juna biyu kitsen jini yana hawa, kuma da gangan jiki yake yin haka. Zuwa watanni ukun ƙarshe tiraigilisaraid yana ninkawa biyu zuwa uku, kolestarol ma yana ƙaruwa da kashi 25 zuwa 50 cikin ɗari. Sinadarin jikin mace da ake kira istirojin yana sa hanta ta yawaita tura kitse cikin jini, sinadaran da mabiyiya take fitarwa kuma suna sa jikin uwa ya rage jin insulin, sinadarin da ke sauke sugan jini, don uwa ta koma ƙona kitse ta bar wa jariri suga. Kitsen ba ya tsallake mabiyiya a dunƙule, mabiyiyar ce take farfasa shi ƙanana, su wuce, jariri ya tara su a jikinsa. Idan uwa ta shigo ciki da ƙiba, ko jikinta dama ba ya jin insulin sosai, hawan yakan wuce kima, abin da ke isa wurin jariri ya yi yawa ko da suga bai kai ma'aunin ciwo ba. Wannan tunani ba sabo ba ne. Tun shekarun 1950 wani likita ɗan Denmak, Pedersen, ya bayyana yadda sugan uwa yake sa jariri ya yawaita insulin ya yi ƙiba, a 1980 kuma Freinkel a Amurka ya faɗaɗa maganar, ya ce kitse da sauran sinadaran abinci ma suna da hannu. Bincike da dama daga baya sun nuna matan da tiraigilisaraid ɗinsu ya fi yawa sun fi haihuwar manyan jarirai. Amma har yanzu babu wata lamba guda da aka yi ittifaƙi a kanta a matsayin iyakar mai ciki, don haka likita yana haɗa ta ne da hoto da nauyi da tarihi. Lambobin da ba a wasa da su su ne daga 5.6 zuwa sama, musamman idan ya haura 11, domin a nan ne ake tsoron kumburin fankiriyas, ƙwayar da ke samar da insulin. Alamarsa ciwo mai tsanani a saman ciki da ke ratsawa baya, da amai. Wannan na gaggawa ne, ba a kwana da shi a gida.

Na tambayi likita ko akwai magani. Ya ce a lambata babu, kuma magungunan rage kolestarol da ake ba manya yawanci dakatar da su ake yi idan ciki ya shiga. Wadda take shan su kafin ciki ta gaya wa likita tun ranar farko, wadda kuma ta ga takarda da alama kada ta je kemis ta saya. Man kifi mai ƙarfi da sauran magunguna sai ga wadda lambarta ta yi tsanani, ƙarƙashin kulawar ƙwararre. Ni ofishin masu ba da shawarar abinci aka tura ni, kuma a ganina wannan ofishi ya fi kowane amfani a duk tafiyar, duk da cewa mata da yawa suna tsallake shi saboda layi.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne, ba man girki ne kan gaba wajen ɗaga tiraigilisaraid ba, zaƙi ne da farin abinci irin su shinkafa da burodi. Hanta tana mayar da rarar sukari kitse. Don haka abin da aka fara cire mini shi ne lemon kwalba, da lemon malt da ake kawo wa mai ciki da sunan ƙarin jini, da zoɓo da kunun zaƙi masu sukari, da shayi mai madarar gwangwani mai zaƙi, da zuma. Dabino ƙwaya biyu ko uku, ba tafi guda ba. Fura da nono an bar mini amma ba sukari, ludayi kaɗan. Tuwo malmala ɗaya gwargwadon dunƙulen hannuna, na dawa ko gero ko alkama ko acca a maimakon na shinkafa, miya kuma ta fi tuwon yawa: kuka, kuɓewa, alayyafo, zogale, rama. Wake, alale, ɗanwake da ƙwai suka maye gurbin burodi da taliya da safe. Kifi mai maiƙo irin titus da sadin sau biyu a mako, gasasshe ko a miya. Suya a rage, mai a auna da cokali. A ci sau uku madaidaita da ɗan abin taɓawa tsakani, kamar gyaɗa ko kokwamba ko gwaiba, kada a tara yunwa a rama da dare. Sai tafiyar ƙafa ta minti 30 kwana biyar a mako, ko minti goma zuwa sha biyar bayan kowane cin abinci, ko a tsakar gida ne. An ja mini kunne a kan abu ɗaya: ba a neman rama da ciki. Wadda ta hana kanta abinci don jariri ya yi ƙarami tana cutar da shi ne, kuma tana ƙara wa kanta ƙarancin jini. Wahalar wannan mataki ba a asibiti take ba, a gida take, inda kowa yake ganin mai ciki ta ci na mutum biyu, ƙaton jariri kuma alamar lafiya da wadata ne. Na ga amfanin zuwa da maigida ganin likita sau ɗaya, domin da ya ji da kunnensa shi ya riƙa yi wa Hajiya bayani, kuma shi ke cefane.

Bayan mako shida aka maimaita gwajin kitsen jini, tiraigilisaraid ya nuna 3.1. Ba raguwa ce mai yawa ba, amma a lokacin da ya kamata a ce yana hawa ne, don haka likita ya gamsu. An kuma sake duba sugan safe da na bayan ci, saboda suga yana iya bayyana a makare bayan gwajin farko ya fito lafiya. A mako na 36 hoto ya ƙiyasta kilo 3.4. A watan ƙarshe jariri yana ƙara kusan giram 200 a mako, ke nan ana sa ran wajen kilo 4 a mako na 39. Ƙiyasin hoto yana kuskure da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, sama ko ƙasa, kuma kuskuren ya fi yawa a manyan jarirai, shi ya sa ba a yanke hukuncin tiyata a kan hoto kaɗai. Ƙa'idar da likitocin mata na Amurka suke bi ita ce a yi shawarar tiyata idan ƙiyasi ya kai kilo 5 ga marar suga, ko 4.5 ga mai suga. Amma wadda kafaɗa ta taɓa maƙale mata, ko aka taɓa yi mata aiki, ko ƙugunta ƙarami ne, lissafinta daban ne. Likita ya shimfiɗa mini hanyoyin biyu, ya faɗi haɗarin kowace. Muka tsaya a kan in gwada haihuwa da kaina, a kwantar da ni a mako na 39 idan naƙuda ba ta zo ba, kuma idan ta tsaya ba ci gaba a wuce tiyata ba tare da jayayya ba. A wannan zama aka ce mu kawo mai ba da jini tun kafin lokaci, mu sayi kayan haihuwa, mu ajiye kuɗin tiyata ko da ba za a yi ba, maigida kuma ya san cewa zai iya sa hannu da tsakar dare. Jinkirin neman izini da neman kuɗi yana cikin abin da ke mayar da doguwar naƙuda yoyon fitsari ko fashewar mahaifa a yankinmu.

Naƙuda ta zo da kanta kwana kaɗan kafin ranar kwanciya. Da isata na gaya wa ungozoma maganar kafaɗa tun kafin ta buɗe kati, ta sa aka saka mini allurar ƙarin ruwa a hannu, aka sanar da likitan da ke aiki. Dalilin wannan shiri shi ne idan kafaɗa ta maƙale, mintuna ne kaɗan a hannu, kuma aikin mutum uku ne ban da mai karɓar haihuwa. Biyu su naɗe cinyoyin uwa su danna su zuwa ƙirjinta don ƙugu ya buɗe, ɗaya ya danna daidai saman ƙashin mara don kafaɗar ta zame. Abin da ba a yi shi ne danna saman ciki ko jan kan jariri da ƙarfi, wannan ne yake tsinka jijiyoyin hannu, yaro ya tashi da shanyayyen hannu, ko ya karya ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa. A gida ba za a sami waɗannan hannaye ba, allurar naƙuda da ake saye a kemis kuma, a kan jaririn da hanya ba ta ishe shi ba, tana iya fasa mahaifa. Ni an naɗe mini ƙafafu tun kafin kai ya fito, kafaɗa ta biyo ba tare da tsayawa ba. Yarinya ta zo da kilo 4.0. An yi mini ɗinki kaɗan, aka yi mini allurar oksitosin nan take, domin mahaifar da ta ɗauki babban jariri takan yi kasalar tsukewa, jini ya ɓalle. Awa biyun farko ana dawowa ana shafa cikina ana duba ƙunzugu.

Babban jariri yana da tasa kulawar. An sa ta a nono cikin awa ta farko, ta sha dakashi, wanda har yanzu wasu gidaje suke matsewa su zubar, alhali shi ne yake tsare jariri daga faɗuwar suga. An huda diddigenta an duba suga bayan ta sha, aka maimaita kafin shayarwa ta gaba. Alamun faɗuwarsa su ne karkarwa, yawan barci, ƙin kama nono, jiki ya saki ko ya yi sanyi. An duba hannayenta biyu ko suna motsi daidai, an kuma ce in lura da shawara a ido da fata a makon farko, a hasken rana ba na ƙwan lantarki ba. Mun kwana ɗaya aka sallame mu.

Matakin da aka fi mantawa shi ne na bayan haihuwa. Kitsen jini ba ya sauka a rana ɗaya, don haka ba a gwada shi a makonnin farko. An ce in dawo bayan mako 6 zuwa 12, da yunwar safe kamar dā, a haɗa da suga. Lokacin jego kuwa shi ne lokacin kunun kanwa mai sukari da nama da lemon barka, sai na ci gaba da tsarin abincin ciki, na ƙara yawa kaɗan saboda shayarwa, na bar kanwa saboda hawan jini. A mako na goma tiraigilisaraid ya dawo 1.5, yanzu kam iyakar da ke gefen takarda ta shafe ni. Wadda nata bai sauka ba a wannan lokaci, alama ce cewa matsalar ta riga cikin, a tura ta wurin likitan manya, a duba 'yan'uwanta ma, domin akwai mai bin jini. Likita ya rubuta a katina nauyin yarinya, da lambobin biyu na lokacin ciki, da shawarar in rage kilo biyar zuwa takwas kafin wani cikin, kuma idan ya shiga a yi gwajin suga da na kitse tun watanni ukun farko, kada a jira mako na 24.